Alhaji a Kan Murfin Langa

Assalamu alaikum jama'a masu karatu. Sunana Salamatu, a Sabon Garin Wudil nake, kuma yau kwana biyar ke nan na kasa cin abincin kirki. Surukata Hajiya Uwa ta tafi ƙauyen Achika zaman jegon jikarta, saura kwana tara ta dawo. Da za ta tafi, abu biyu ta damƙa mini hannu da hannu. Na farko hoton mijinta marigayi Alhaji, wanda duk duniya babu wani hotonsa sai shi. Na biyu langarta mai jan fure a murfi, wadda ya sayo mata a Makka, ba ta cin tuwo a cikin wani kwano sai ita. Ta ce, "Salamatu, ga amana." Na ce, "In Allah ya yarda, Hajiya."

To, yanzu abubuwan nan biyu sun zama ɗaya, kuma ɗana ne ya haɗa su.

Ku yi haƙuri da rubutuna, ajin yaƙi da jahilci kawai na yi. Zan faɗa muku yadda aka yi tun daga farko.

Yaron nan sunan kakansa ya ci, wato shi Alhajin da ke cikin hoton, don haka bakina ba ya iya kiran sunan, Babba muke ce masa. Shekararsa ashirin da shida. Aikinsa rubuta sunayen lebura a wurin Turawan da ke gyaran titi. Da aka yi rabon Udoji, kuɗin ƙarin albashin nan na gwamnati, a cikin abokansa wani ya sayi babur basfa, wani ya yi aure, wani ya rufa wa uwarsa ɗaki da kwano. Nawa ya hau mota ya tafi Kano, ya dawo da wando mai baki kamar buhu, da takalmi mai tudu da ya ƙara masa taƙi guda, da wata kyamara a rataye a wuya. Irin wadda ake dannawa a zaro takarda, a ƙirga sittin, a ɓare, sai ga mutum a tsaye. Hoton nan-take suke ce mata. Washegari ya ajiye aiki. Ya ce shi ya wuce rubuta sunan mutane, yanzu fuskokinsu zai riƙa rubutawa.

Shi ma hoton Alhaji irin wannan ne. A Madina aka ɗauke shi shekarar da ya yi aikin hajji, bai shekara da dawowa ba Allah ya yi masa rasuwa. Yana tsaye da farar riga da rawani, ya ɗaure fuska tamau kamar yadda ya saba. Dillalin shanu ne a kara, duk Wudil an san shi da rashin dariya. Ita kanta Hajiya in ta ɗauko hoton takan daɗe tana kallo, ta ce, "Bawan Allah, ko a ƙasa mai tsarki bai saki fuska ba."

Bayan ruwan nan da aka yi kwana biyu ana zubawa, na buɗe gwangwanin da hoton yake ciki don ya sha iska. Sai na tarar danshi ya shiga. Bayan takardar ya yi baƙi-baƙi, gefe ɗaya ya ruɓe, ruɓar ta kusa kafaɗar Alhaji. Na saki salati da ƙarfi.

Babba ya leƙo yana taje sumarsa. "Inna, wa ya mutu?"

Na miƙa masa. Ya juya gaba, ya juya baya, ya yi dariya.

"Wannan ne? Aikin minti biyar. Inna, abin da ba ku sani ba ku mutanen da, hoto daban takarda daban. Hoto wata yana ce siririya a kwance a kan takardar, kamar yanar da ke hawa kan koko in ya huce. In aka jiƙa da ruwan zafi sai ta taso. Sai a ɗauke ta a shimfiɗa a kan sabuwar takarda. Alhaji ya tashi daga tsohon gida ya koma sabo, shi ke nan."

"Wa ya koya maka?"

"Babban injiniya. Bature ɗan Italiya. Hannu da hannu, har yana cewa na fi shi."

Daga baya na ji gaskiyar. Sau ɗaya ya gani, ta taga, ranar da ya kai rajistar lebura gidan Baturen, kafin kuku ya kore shi.

Na karɓe hoton na ce ba za a dafa mini suruki ba sai na ga an dafa wani ya tsira.

Wanda aka fara dafawa Haladu mahauci ne, mai tukuba a bakin layinmu. Da ya ji kyauta ne ya wanke hannu, ya karkata hula, ya riƙe wuƙa a ƙirji. Hoto ya fito tas. Babba ya ɗora butata a risho, ruwa ya tafasa har murfi yana rawa, ya juye a daro, ya jefa Haladu. Maƙwabciyata Indo mai ƙosai ta leƙo ta katanga. Muna kallo fuskar Haladu ta yamutse, ta tattare, ta dunƙule ta koma gefen daro.

Haladu ya sunkuya. "Ina nake?"

Babba ya tsamo wani abu a cokali. "Ga ka nan."

Haladu ya daɗe yana duban cokalin. Ya ce, "Shekara ashirin ina sayar da ganda. Ban taɓa zaton ni ma za a sa ni a ciki ba."

"Ruwan Wudil ne," in ji Babba. "Ya cika ƙarfi. Na Italiya ba haka yake ba."

Indo ta ce, "To a aika a ɗebo na Italiyan mana, ga tulu."

Aka sake ɗaukar Haladu. Wannan karon na sirka ruwan da kaina, yadda nake sirka na wankan jariri amma ya ɗara zafi. Kuma zan faɗi gaskiya don Allah, abin ya yi. Bayan ɗan lokaci gefen hoton ya fara tashi. Babba ya mayar da shi daron ruwan sanyi, ya tura da yatsa a hankali, sai ga Haladu ya rabu da takardarsa yana yawo a cikin ruwa kamar ɗankwali mai shara-shara, da hularsa da wuƙarsa. Indo har ta sauko daga katanga ta zagayo ta ƙofa.

Babba ya buga ƙirji. "Na faɗa muku! A ba ni takarda!"

Nan aka yi cirko-cirko. Ashe duk shirin nan bai tanadi gidan da za a koma ba. Ya ruga tukubar Haladu ya yago jaridar da ake naɗe tsire, ya zura a ƙarƙashi, ya ɗago. Abin da bai gani ba ta tagar Bature shi ne, yanar nan ana hango abin da ke bayanta. Duk abin da ke jikin takarda sai ya fito a jikin mutum. Da ta sha iska sai ga rubutu ɓaro-ɓaro a goshin Haladu: MAGANIN TSUTSAR CIKI. A haɓarsa kuma: SHA ƊAYA TA FITA.

Indo ta zauna a ƙasa don dariya. "Haladu, ashe da magani kake haɗawa? Ka kyauta wa masu sayen namanka."

"Yaro, ƙona wannan abin," in ji Haladu. "In ya fita daga gidan nan, kai zan tsire."

Bai ƙona ba. Kafin la'asar rabin layi ya gani. Kwana biyu Haladu yana korar ƙuda shi kaɗai.

Babba ya ce wannan ai gwaji ne, duk manyan injiniyoyi haka suke farawa. Washegari ya ce Indo ce a layi. Ta ce Allah ya kiyaye. Ya ce mata ai fuskarta irin ta 'yan fim ce, asara ce a bar ta ba hoto. Kafin ya rufe baki ta shiga gida ta fito da sabuwar atamfa, ta sha hoda, ta ja gazal. Ya ɗauke ta, ya tashi yanar lafiya lau, ya shimfiɗa ta a kan shuɗin kwalin sukari, wai launin zai fito da atamfar. Indo ta fito shuɗiya tun daga goshi har wuya, kamar marini ya manta da ita a karofi.

"Babba, uwar wa ka rina?"

"Baba Indo, a Turai wannan launin sai matar gwamna."

"To kai wa matar gwamnan. Ni da ka gan ni nan, ko ranar da na sha guba ban yi wannan kalar ba."

Daga nan abin ya zama kamar ciwo. Maikano ɗan kamasho aka sa shi a takardar buhun siminti, tunda yanzu duk inda ka juya gini ake, buhu ya fi ganye yawa a gari. Ƙurar simintin ta kumbura a ƙarƙashin yanar, ya fito da ƙuraje kamar mai ƙyanda. Aka sake ɗaukarsa, Babba ya sa shi a takardar littafin makaranta, ya manna shi a gicciye, layukan suka sauko masa daga sama zuwa ƙasa. Duk wanda ya gani sai ya ce, "Allah sarki Maikano, shekara nawa aka yanke masa?" Darona biyu suka yi yauƙi. Butar shayina ta koma warin magani. Kananzir ɗin wata guda ya tafi a kwana huɗu.

Duk abin nan Malam Ƙasimu yana zaune a dakalinsa da ke kallon ƙofarmu. Tsoho ne, ya haura saba'in, tun yana saurayi sana'arsa rubuta littattafai da hannu. Ran nan ya taso da sandarsa ya yi sallama, da takarda biyu a hannu.

Bayan an gaisa ya ce, "Yaro, ni ban san hoto ba. Amma na san takarda. Abin da kake nema wadda za ta sha ruwa ba ta narke ba, mai ɗan kaushi da zai riƙe abin da aka ɗora mata, fara wadda ba ta da rubutu ba ta da launi, kuma in ta shekara ba ta ja. Ga ta. Da tsumman auduga ake yin ta. Mahaifina ya bar mini, saura biyun nan."

Ya ɗaga ɗaya a rana, sai ga jinjirin wata guda uku a jere a cikin jikin takardar. Ni ban taɓa ganin irinta ba.

Babba ya karɓa da yatsa biyu, ya shinshina, ya murza. "Allah gafarta Malam, wannan ai ta zamanin raƙumi ce. Yanzu zamanin fetur muke. Dubi, ko ƙyalli ba ta yi."

"Ƙyalli kake nema ko riƙo?"

"Malam, in abu yana ƙyalli ai ya riga ya riƙe."

"Haka ne," in ji Malam Ƙasimu. "Shi ya sa ake gina gida a kan santsi." Ya juya ya koma dakalinsa.

Babba ya yar da takardun a kan turmi.

A ranar ne akuyar Indo ta shiga labarin. Babba yana saita kyamara zai ɗauki kansa a madubi, akuyar ta shigo ta tsaya a gaba, ya danna. Don haushi ya jefa hoton a ruwan ɗumi ya fita yawo. Ni kuma ina son darona zan yi wanki. Na tarar yanar ta tashi, akuya tana lilo a ruwa tana kallona. Ko ta dabba ce, fuska fuska ce, na kasa watsarwa a kwata. Na ɗauko ɗaya daga takardun Malam, na jiƙa ta, na zura a ƙarƙashi a hankali, na ɗago a kwance. Na samu gashin kaza na shafe inda ta yamutse daga tsakiya zuwa gefe, na ajiye a inuwa na kifa faifai.

Jama'a, da yamma na ɗaga faifan, sai ga akuya kamar ta yi kuka. Gemunta ana iya ƙirga shi gashi ɗaya-ɗaya. Ta manne da takardar kamar tare aka halicce su.

Indo ta riƙe haɓa. "Salame, duk garin nan babu mai hoto kamar akuyata. Ni an rina ni, Haladu yana tallar magani, Maikano yana kurkuku, ita kuwa ga ta kamar amarya."

Na nuna wa Babba. Ya kalla da gefen ido. "Akuya ba ta da wuyar aiki, Inna. Ko a ganye aka sa ta za ta zauna. Mutum kuwa sai takardar mutane."

Na sake buɗe gwangwani a ranar. Ruɓar ta hau kafaɗar Alhaji, ta doshi gemu. A nan ne na yi kuskuren da ya hana ni cin tuwo. Na kira shi na ce, "Zan ba ka kakanka. Amma ruwa ni zan sirka, kuma a takardar Malam da ta rage za ka sa shi. Ka ji?"

"An gama, Inna."

"A cikin gida, ni da kai."

"An gama."

Ashe abin da ya gama daban. Ran Alhamis ya tafi Kano. Ran Juma'a, ranar kasuwa, na ji hayaniya a ƙofar gida bayan la'asar. Lokacin ina goge langar Hajiya don kada ita ma danshi ya taɓa ta. Na fito soro da murfin a hannu, ban ma san ina riƙe da shi ba.

Na tarar da mutane kamar ana rabon Udoji na biyu. Ya fito da teburi, da risho, da darona biyu, da rediyo mai kaset tana kiɗa. Ya kafa allo an rubuta da jan fenti: BABBA FOTO, HOTO BA YA TSUFA. Ashe ya bi kara rumfa-rumfa yana shela cewa yau zai tashi Alhaji daga tsohuwar takarda a gaban kowa. Duk tsofaffin dillalan da suka yi zamani da marigayi sun zo sun jeru a benci. Ga Haladu, ga Maikano, ga Indo, kowa da tabonsa, sun zo gaba-gaba. Gwangwanin kuwa yana kan teburi, a buɗe.

Na ce, "Babba, zo nan."

Ya yi kamar bai ji ba. Ya kashe rediyo ya hau kan bulo.

"Jama'ar Wudil! Shekara nawa kuna ajiye iyayenku a gwangwani kamar goro? Yau ƙasa ta samu arziki. Muna da kwalta, muna da siminti, muna da fetur da ko jikokinmu ba za su shanye ba. Saura me? Saura ilmi! Abin da za ku gani yau, daga nan har Legas mutum biyu suka iya shi. Ɗayan ya koma Italiya."

Haladu ya ce, "Da ma shi ya tsaya kai ka tafi."

Na kutsa na sa hannu a ruwan. Ya yi zafi da yawa. Na ƙara moɗa biyu na ruwan sanyi yana hararata. Ya ɗauki Alhaji ya sa a ciki. Na rufe ido ina karanta duk abin da na haddace.

Da na buɗe, kowa ya zuba wa daro ido. Yanar ta tashi lafiya. Ga Alhaji a daron ruwan sanyi, ba takarda, rigarsa tana motsi a hankali kamar iska tana kaɗa ta. Tsofaffin nan suka taso suka zagaye daro. Wani ya cire hula. Wani ya ce, "Allahu akbar, Allah ya jiƙanka." Ni ma hawaye ya zubo mini. Na ce a raina, ashe yaron nan zai fitar da ni kunya.

Sai ya sunkuya ƙarƙashin teburi ya zaro kalanda.

Wata ƙatuwar kalanda ce ta masu sayar da taya, bugun ƙasar waje. Gabanta hoton baƙar taya, bayanta fari fat an shafe shi da leda, yana walƙiya har kana ganin haƙoranka.

"Babba! Ba haka muka yi da kai ba!"

"Inna, a koma ciki, ana aikin injiniya."

Malam Ƙasimu ya ɗaga sanda daga dakali. "Yaro, ledar nan ba ta shan ruwa. Abin da bai sha ruwa ba, ba zai riƙe ba."

"Allah gafarta Malam, kakana alhaji ne. Jirgin sama ya hau. Ba zan kwantar da shi a kan tsumma ba."

Ya zura kalandar a ruwa, ya ɗago Alhaji a kai. Da ya ajiye a kwance ya bari ta bushe, wataƙila da da sauƙi. Amma ina! Na baya suna cewa ba sa gani. Ya koma kan bulo, ya ɗaga kalandar a tsaye sama da kansa da hannu biyu, Alhaji yana kallon jama'a, shi kuma yana bayanta yana kallon taya.

"Ku duba! Ku duba ƙyalli!"

Alhaji ya fara sauka.

A hankali ya fara, kamar mai zamewa daga kan tabarma. Rawani ya bar saman takarda. Haladu ya yi ihu, "Alhaji na tafiya!" Maikano ya ce, "A tare shi!" Tsofaffi suka ɗauki salati gaba ɗaya. Shi kuwa Babba da ya ji ihu ya zaci yabo ne, ya ƙara miƙewa a kan takalminsa mai tudu yana jujjuyawa hagu da dama.

"Ku ƙara! Ban ji na baya ba! Wa ya ce sai Bature?"

Ban san lokacin da na ture mutum uku ba. Mayafina ya tafi, takalmina ɗaya ya tafi. Ƙafafun Alhaji sun riga sun bar kalanda suna reto, ƙasa kuwa taɓo ne da kashin shanu. Na miƙa abin da ke hannuna. Ya faɗo shaɓal a kan murfin langa.

Malam Ƙasimu, da sandarsa da shekarunsa, shi ya fara isowa. "Kada ki motsa, Salamatu. Riƙe a kwance." Ya tsoma yatsa a ruwa yana ja masa riga, yana miƙe masa rawani. Amma murfin ya ɗumama a hannuna, ga rana. Kafin ya kai ga fuska yanar ta fara kamewa. Ya ɗaga hannu ya ce, "Iyakarta ke nan. In na ƙara ja za ta yage."

Har lokacin Babba yana kan bulo da farar kalanda. "Kun taɓa ganin fari irin wannan?"

Indo ta ce, "Fari kam ba a magana. Ina Alhajin?"

Ya juyo da kalandar. Ya duba gaba, taya. Ya duba baya, ba kowa. Ya duba ƙarƙashin teburi. Ya ɗaga ƙafa ya duba tafin takalminsa. A nan bulon ya goce, ya tafi da baya ya zauna a daron ruwan sanyi, bakin wandonsa ya buɗe a kan ruwa kamar lema.

Haladu ya ce, "A bar shi ya jiƙa. In yanarsa ta tashi ina da jarida."

Ba a taɓa dariya a layinmu irin ta ranar ba. Amma dariyar ba ta daɗe a kansa ba, don kowa ya dawo kan murfi. Aka yi layi ana leƙe. Ga Alhaji nan, ba abin da ya ɓata sai 'yar tsaga a gefen kunne. Sai dai jan furen murfin ya fito ta cikin rawaninsa, daidai saman kunnen dama, kamar shi ya soka da kansa. Sannan yanar ta ɗan naɗe a gefen bakinsa, ta ja shi sama.

Wani tsohon dillali ya goge ido ya sake dubawa. Ya ce, "La ilaha illallahu. Shekara arba'in muna ciniki da mutumin nan, ranar da ya ci ribar bijimi goma ma bai yi haka ba. Murmushi yake!"

Kwana biyu Babba bai fito daga ɗaki ba. Ran na uku ya fito ya goge allonsa ya sake rubutu: BABBA FOTO, HOTON MURFI, SABON YAYI DAGA ITALIYA. Yana gaya wa mutane da gangan ya yi, kalandar dabara ce ta jan hankali. Ba wanda ya zo. Abin da ya jawo mini kawai, yanzu duk Sabon Gari in za a aiko mana da abinci da faifai ake rufowa.

To ga inda nake. Murfin yana cikin adakata, na naɗe shi da ɗankwali. Ba ya rufuwa a kan tuwo, don tururi kaɗai ya isa ya tashi Alhaji ya faɗa miya. Ba ya wankuwa. Maigidana ya tafi kudu da shanu, ban san ranar dawowarsa ba, kuma ko yana nan ban san da bakin da zan ce masa na ba da ubansa an dafa a bainar jama'a ba. Ita Hajiya ba za ta ga laifin Babba ba, mai sunan mijinta ne, angona take ce masa. Ni ta ce wa ga amana.

Jiya Malam Ƙasimu ya aiko mini da takardarsa ta ƙarshe, wadda Babba ya bari a kan turmi, shi Malam ya ɗauke ya adana. Ya ce a gaya mini hannun da ya yi akuya shi zai iya Alhaji, a jiƙa murfin a sake tashinsa, amma kada yaron ya kusanci wurin. Ya kuma ce a gaya mini gaskiya: tsagar kunnen nan tana iya bi ta raba fuskar biyu, in ta rabu kuwa ba mai haɗawa. Ranar akuya ban ji tsoro ba, don akuya ce. Wannan kuwa Alhaji ne.

Indo ta ce in bar shi haka, in buga ƙusa in rataye a ɗakin Hajiya, in saya mata wata langar. Amma wata langar ba daga Makka ta zo ba, kuma ba shi ya miƙa mata ba.

Wani abu kuma da ban gaya wa kowa ba. Kullum in na idar da sallar walha sai na buɗe adaka na duba. Shekara ashirin da tara na zauna a gidan mutumin nan ina durƙusa masa, bai taɓa dubana da irin wannan fuskar ba. In na mayar da shi takarda na shafe da gashin kaza, furen zai tafi, bakin zai koma yadda yake. Sai in tuna maganar Hajiya, ko a ƙasa mai tsarki bai saki fuska ba. Ban sani ba, in ta gani kuka za ta yi ko tsine mini za ta yi.

Saura kwana tara motar Achika ta tsaya a ƙofar gida. Don Allah jama'a, wanda ya san takarda, da wanda ya san surukai, ku ba ni shawara. In ɗora ruwa in gwada hannuna, ko in durƙusa in miƙa mata murfin yadda yake, da furensa da murmushinsa?